Kifin teku a falo: kayan da za ka fara saya da waɗanda za su iya jira

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na ɗan jima ina kiwon kifin ado na ruwan daɗi a falona a nan Kano, kuma suna lafiya. Yanzu ina sha'awar na teku, musamman ɗan ƙaramin nan mai ruwan lemo da farin zane, daga baya in ƙara murjani. Kayan da ake tallatawa sun yi mini yawa, kuɗina kuma ba za su sayi duka ba. Wanne zan fara saya, wanne zan bari?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yawancin jerin kayan da kake gani a intanet an tsara su ne don mazauna Turai da Amurka, inda abin tsoronsu sanyi ne, wuta kuma ba kasafai take ɗaukewa ba. Kai a Kano abu uku ne za su iya kashe maka kifi: ruwa marar tsabta, ɗaukewar wuta, da zafin bazara. Kuɗinka su fara tafiya kan waɗannan ukun. Fitilar nan mai shuɗin haske da ke jan ido a hotuna ita ce kusan ta ƙarshe.

Dalili kuwa shi ne yanayin da kifin ya fito daga ciki. Tarwaɗa tana iya zama a kududdufin da ke ƙafewa, ruwan ya yi zafi, ya yi dagwalo, ba ta mutu ba. Kifin da ke zaune a tsakanin murjani bai san wannan ba. Ruwan da ya saba da shi kusan ba ya canjawa: gishiri wajen giram 35 a kowane kilo na ruwa, zafi tsakanin digiri 24 da 27, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, daga 8.1 zuwa 8.4. Duk na'urar da za ka saya, ka tambayi kanka ko za ta taimaka waɗannan lambobi su tsaya wuri ɗaya. In ba za ta yi ba, tana iya jira.

Mu fara da tankin kansa. Mutane da yawa suna zaton ƙarami ya fi sauƙi ga ɗan koyo, alhali ƙaramin ne ya fi wuya. Tanki mai lita 30, idan lita 2 ta tsotse a iska, gishirinsa ya tashi daga 35 zuwa 37 da rabi. Wanda ke ɗauke da lita 160 kuwa, lita 2 ɗin nan da ƙyar za ta ɗaga shi zuwa 35.4. Haka zafi ma, ƙaramin ruwa ya fi saurin ɗauka, ya fi saurin saki. Ni abin da zan ba ka shawara shi ne tsawon santimita 90, faɗi 45, tsayi 45, wato kimanin lita 180. Ka fi son mai faɗi a kan mai tsayi, domin ta saman ruwa iskar oksijin take shiga. In wajen masu aikin gilashi za ka ba da a haɗa maka, kada kaurin gilashin ya gaza milimita 10 in ba za a sa masa maɗauri a sama ba. Sannan ka tsaya a kan silikon da za su liƙa shi. Wanda ake sa wa a banɗaki da kicin yana da maganin hana fumfuna a ciki, kuma guba ne ga kifi. Sai wanda aka rubuta a jikinsa cewa na tankin kifi ne.

Tankin nan idan ya cika da ruwa da duwatsu yana kai kusan kilo 250. Teburin falo ba zai ɗauka ba. A yi masa mazauni na katako mai ƙarfi, ko ƙarfen da aka shafe da fenti sosai, don ruwan gishiri yana cin ƙarfe ba da wasa ba. A daidaita shi kada ya karkata, a ajiye shi nesa da taga da bangon da rana ke duka da la'asar.

Yanzu ruwa, kuma nan zan ɗan daɗe, domin nan ne masu fitowa daga kiwon ruwan daɗi suka fi yin asara. Ruwan famfo ko na burtsatse da kifinka na yanzu suke zaune a ciki lafiya bai dace da tankin teku ba. Yana iya ɗauke da naitiret, fosfet, silika, wani lokaci har da jan ƙarfe. Kullum ruwa na tsotsewa kana ƙarawa, su kuma waɗannan ba sa fita, taruwa suke yi, har wata rana ka ga gansakuka ta lulluɓe duwatsu da gilashi kana ta gogewa tana dawowa. Ruwa ba ya tsami banza. Maganin wannan shi ne matatar da ake kira RO/DI. Ruwa yana bi ta matatar laka, ya bi ta gawayi wanda ke cire kulorin, ya ratsa wata siririyar fata da ke tare fiye da kashi 95 cikin 100 na abin da ya narke a ciki, sannan ƙwayoyin DI su kwashe ragowar. Ka haɗa da ƙaramar mitar TDS mai kama da biro, wadda ke auna yawan abin da ya narke a ruwa. Ruwan da ya fito ya nuna 0. In ya fara nuna 2 ko 3, lokacin canja ƙwayoyin ya yi.

Akwai abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Matatar tana son ƙarfin ruwa kamar bar 3 da rabi zuwa 4 (bar ma'aunin ƙarfin ruwa ne), tankin da ke saman gida kuwa kowace mita 10 ta tsayi bar 1 kawai take bayarwa. Ke nan in daga tankin sama kake jan ruwa, dole ka sayi matatar da ke da injin ƙara ƙarfi, in ba haka ba ɗigo kawai za ka riƙa gani. Kuma tana zubar da lita 3 zuwa 4 a kan kowace lita ɗaya mai kyau. Ka tara wannan a jarka, yana yin wanki da ban ruwan shuka.

Gishirin ma nasa daban ne. Na girki kusan sodiyam kulorayid ne zalla, an ƙara masa aidin da sinadarin hana dunƙulewa. A teku wannan kimanin kashi 85 cikin 100 ne na gishirin; sauran magniziyam ne da salfet da kalsiyam da fotasiyam da sinadaran da ke riƙe pH. Don haka na girki ba ya yi, kanwa ba ta yi, na Bilma ma ba ya yi. Sai wanda aka haɗa don wannan aiki, irin su Instant Ocean, Red Sea ko Tropic Marin. Ka yi lissafinsa tun yanzu. Cikon farko zai ci wajen kilo 6. In kana canja kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako, za ka ƙara kusan kilo 30 a shekara. Kafin ka biya kuɗin gilashi, ka tabbatar kana da inda za ka riƙa samun gishiri ba yankewa. Ana kwaɓa shi a roba ta daban mai tsabta, a zuba gishiri a cikin ruwa, a bar ƙaramin inji yana juya shi har ya narke sarai. Ba a zuba shi kai tsaye a tankin da kifi ke ciki.

Don auna gishiri, ka bar ma'aunin roba mai allura, ƙwayar kumfa ɗaya in ta maƙale a jikin allurar sai ya ba ka lambar ƙarya. Ka sayi rifiraktomita. Ɗan bututu ne kamar tocila, da gilashi a gabansa. Ka ɗiga ruwa digo biyu ko uku, ka rufe murfin, ka ɗaga shi wajen haske ka leƙa. Za ka ga sama shuɗi, ƙasa fari, layin da suka haɗu shi ne awonka. Kana neman 35, wato 1.026 a ɗaya gefen. Ka sayi kwalbar ruwan daidaitawa mai 35 tare da shi, ka riƙa gwada shi lokaci zuwa lokaci.

Kuma ka riƙe wannan da kyau: ruwan da ya tsotse, da ruwan RO/DI marar gishiri ake maye gurbinsa. Kamar miya ce da aka bari a kan wuta, ruwan na raguwa gishirin na ƙara fitowa, ba wanda zai gyara ta da ƙarin gishiri. Da hunturu, iska a bushe, tankinka zai iya rasa lita 3 ko fiye a wuni. Akwai ƙaramar na'ura mai lura da matakin ruwa, da ya sauka sai ta ƙaro daga jarka. A wurinmu ina ganin ta cancanci kuɗinta tun da wuri. Kafin ka same ta, ka ja layi a jikin gilashi, safe da yamma ka cika zuwa layin.

Sai maganar wuta. Idan aka ɗauke wuta, rashin haske ba ya kashe kifi, rashin abinci ma haka. Tsayawar ruwa ce ke kashe su. Ruwan gishiri dama bai kai na daɗi riƙe oksijin ba, in ya yi ɗumi kuma abin ya ƙara raguwa, ga kifi na shaƙa, ga bakteriyar da ke cikin duwatsu na shaƙa. Cikin 'yan sa'o'i za ka ga kifin ya taso sama, ya tsaya a kusurwa, marufin kunnuwansa na buɗewa da rufewa da sauri. Da ka ga haka, lokaci ya ƙure. Saboda haka injinan motsa ruwa da abin da zai riƙe su in babu wuta, a lissafina kaya ɗaya ne, tare ake sayensu.

Kana buƙatar ruwan ya juya sau 10 zuwa 20 a awa, wato lita 1,800 zuwa 3,600 a tankinka. Ƙananan injina biyu sun fi babba ɗaya. In ɗaya ya tsaya ɗayan na aiki. Ka karkata ɗaya sama yadda fuskar ruwan za ta riƙa rawa. Ka zaɓi masu aiki da DC, ba sa cin wuta, ba sa ɗumama ruwa sosai. Ga lissafi: batir mai bolt 12 da 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200. In na ruwa ne rabinsa ake amfani da shi don kada ya lalace, saura 600. Injina biyu masu cin wat 25 gaba ɗaya za su kai kusan awa 20 a kansa, bayan an cire abin da inbata ke ci. In kana da sola a gida, ka ware musu layin da ba ya mutuwa, wanda ke komawa batir da kansa ko ba kowa a gida. Janareta ba ya maye gurbin wannan, don sai wani ya tashi ya tayar. A aljihun tebur kuma ka ajiye injin hura iska mai batir da dutsen kumfa, arha ne da shi, amma ya ceci kifi da yawa.

Wutar nan ita ce ta sa ba na son wasu kaya ga mai farawa a nan. Matatar nan mai kamar tukunya a rufe da ake ajiyewa ƙarƙashin tanki, in ta tsaya awanni, oksijin ɗin cikinta ya ƙare, datti ya ruɓe, wuta na dawowa ta watsa ruɓaɓɓen ruwa cikin tanki. Shi kuma tankin ƙasa da ake ɓoye kaya a ciki abu ne mai kyau, yana ƙara yawan ruwa, amma duk lokacin da inji ya tsaya ruwan sama yana gangarowa cikinsa. In ba a bar masa fili ba, falonka ne zai sha. Wanda ya nace sai da shi, ya kashe wuta da hannunsa ya ga inda ruwan zai tsaya tun kafin kifi ya shigo. Ni na fi son tankin da aka ware wa ɗan ɗaki a baya, a cikin gilashi ɗaya, inji da audugar tacewa duk suna can, babu bututun da ya fita waje.

Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki sosai, kuma hannunka zai riƙa shiga ciki. Ka sa mai gyaran wuta ya saka wa layin na'urar RCD mai katse wuta idan ta zurara. Soket ya zauna a sama inda ruwa ba ya fantsama, kowace waya kuma ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau soket, domin digon da ya biyo ta ya faɗi a ƙasa. Ka ƙara da abin kare kaya daga wuta mai ƙarfi.

Zafi shi ne na uku, kuma shi ya fi cin kuɗi. A watannin Maris zuwa Mayu Kano tana haura digiri 40, ruwan tanki kuma yana bin zafin ɗaki, injina da fitila su ƙara masa nasu. Daga digiri 29 kifi ya shiga wahala, murjani kuwa in ya daɗe a 30 zuwa sama yakan yi fari ya mutu. Kafin ka sayi komai na sanyaya, ka cika babbar roba da ruwa a daidai wurin da tankin zai zauna, ka sa ma'aunin zafi, ka riƙa rubuta abin da ya nuna da asuba da la'asar. Wannan zai gaya maka gaskiyar ɗakinka fiye da kowane mai talla. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana sauke digiri 2 zuwa 3, kuma ta fi aiki a busasshiyar iska irin ta bazararmu. Da damina ƙarfinta kan ragu. Sai dai tana ƙara tsotsewar ruwa. In fanka ba ta dawo da shi ƙasa da 28 ba, to sai injin sanyaya ruwa ko ɗaki mai AC, su kuwa suna cin wutar da ƙaramin batir ba zai ɗauka ba. In ka ga ba ka da halin wannan, gara ka tsaya a kan kifi kaɗai, ka bar murjani tukuna. Hita ma kana buƙatarta don darare na Disamba da Janairu, mai wat 150 ta isa. Kada ka sayi ta banza, araha ba ta ado. Hitar da ta maƙale a kunne tana dafa tanki cikin dare ɗaya. Ka haɗa ta da na'urar lura da zafi irin ta Inkbird, wadda ke kunna hita in an yi sanyi, ta kunna fanka in an yi zafi.

Ainihin matatar tankin teku duwatsu ne. Tun shekarun 1970 masu kiwo a birnin Balin na Jamus suka yaɗa tsarin da yawancinmu ke bi har yau: dutse mai ramuka, ruwa mai motsi, da na'urar kumfa. A cikin ramukan ne bakteriya ke zama, su mai da amoniyar da kifi ke fitarwa naitirayit, su mai da shi naitiret, wanda canjin ruwa ke ragewa. Ka sayi busasshen dutsen murjani, kilo 15 zuwa 20, da yashin aragonayit kaurin santimita 2 zuwa 3. Dutsen gini ba shi da ramuka, marmara kuma tana da ƙarfe a cikinta, kada ɗayansu ya shiga. Ka zuba bakteriyar kwalba da ɗan amoniya, ka jira mako 4 zuwa 6, sai amoniya da naitirayit sun nuna 0. Ba za ka san haka da ido ba, don haka kayan gwajin amoniya, naitirayit, naitiret da alkaliniti (ƙarfin da ruwa ke da shi na riƙe pH) suna cikin sayayyar farko. Na Salifert da API sanannu ne. Ka duba ranar lalacewarsu, ka ajiye su inda ba zafi.

Na'urar kumfa, wadda masu kiwo ke ce wa sikima, tana cakuɗa ruwa da ƙananan ƙwayoyin iska, datti ya manne a jikinsu ya hau sama cikin kofi. Bayan kwana biyu za ka tarar da ruwa mai duhu kamar shayi marar madara, yana wari, sai ka zubar. Tana da amfani, tana kuma ƙara oksijin. Amma da kifi biyu ko uku da canjin ruwa kowane mako, za ka iya jinkirta ta wata biyu ko uku. Wani abu da ya shafe ta: iskar ɗaki take zuƙa ta tura cikin ruwa. Maganin sauro na feshi da mai hayaƙi suna kashe jatan lande har da kifi. Ɗakin da tankin yake a daina feshi, turaren wuta ma a nisanta shi, kuma a wanke hannu daga man shafawa da sabulu kafin a tsoma.

Fitila ga kifi kaɗai, kowace LED da ruwa ba ya lalatawa ta wadatar, awa 8 a rana. Mai tsada ta murjani ce, saboda a cikin jikin murjani akwai ƙananan tsirrai da ke haɗa masa abinci da haske, musamman shuɗi. Ka bar tankin ya yi wata 6, ka ga yadda ya tsallake bazara, sannan ka sayi fitilar ka fara da murjani mai laushi. Ko a nan ka kiyayi irin Palythoa da danginsa, wasunsu suna da guba mai haɗari ga mutum, ba a taɓa su sai da safar hannu da tabarau. Fitilar UV, injinan ɗiga sinadarai da kwalaben ƙarin magani duk ka bar su. Abin da ba ka da kayan auna shi, kada ka zuba shi a ruwa.

Akwai ƙaramin tanki guda da nake roƙon ka kada ka tsallake: na killace sabon kifi. Lita 50, babu yashi, babu dutse, sai matatar soso da gutsattsarin bututun roba da kifi zai ɓuya. Kowane sabon kifi ya yi mako 4 a nan. Cutar fararen ɗigo da ake kira Cryptocaryon in ta shiga babban tanki fitar da ita aiki ne ja, maganinta kuma na jan ƙarfe ne, wanda ke kashe jatan lande da katantanwa da murjani, ya kuma shige cikin duwatsu. A ƙaramin tankin kaɗai ake zuba shi. Saboda wannan dalilin ne ma ba a sa wa tankin teku mahaɗin bututu na tagulla.

Kifin da kake so sunansa na kimiyya Amphiprion ocellaris, kuma zaɓi ne mai kyau. Ka nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gona, ya fi juriya, ya saba da busasshen abinci, ba a kuma ɗebo shi daga teku ba, inda a wasu yankunan Indunusiya da Filifin aka sha kama kifin ado da gubar sayanayid. Biyu ƙanana sun isa farawa, kuma in an kula da su suna wuce shekara 10. Ba sai da anemoni, wato halittar teku mai kama da fure da suke fakewa a cikinta, suke rayuwa ba, ka bar ta, ta fi su wuyar riƙo nesa ba kusa ba. Manyan shuɗayen kifayen nan masu yawo suna son tanki mai tsawon kusan mita 2, naka bai ishe su ba. Ka sa murfin raga a sama don kifin teku na tsalle. Raga ta fi gilashi, tana barin zafi ya fita.

Wajen oda, ka nemi mai sayarwa ya nuna maka kifin yana cin abinci, ka tambaye shi awon gishirin ruwan da yake ciki, ka daidaita tankin killacewarka da shi. A turo ta jirgin sama, a akwatin da ke riƙe sanyi, ka je ka karɓa da kanka da zarar ya sauka. Kuma kada ka sa a turo a tsakiyar bazara. Ka bari sai damina ta sauka ko zafi ya karye, lokacin nan tankinka ya riga ya nuna 0 a gwaji, ka kuma gwada batirinka ka ga awa nawa yake riƙewa. Allah ya sa a fara a sa'a.